Haƙoran Injin Babana

Shekaranjiya na bi ta gaban wani garejin babura a nan Agadas, na tarar da makaniki ya tsuguna yana wanke ƙarafa da gazuwal, man manyan motoci, cikin wani tsohon kwano. Warin ne ya tare ni. Sai da na tsaya na dafa bango, har mai garejin ya tambaye ni ko jiri nake ji. Na ce masa a'a, na gyara mayafina na wuce. Ta ina zan fara yi masa bayanin cewa mace mai 'ya'ya manya kamata, warin gazuwal da tsatsa kawai ya isa ya mayar da ita yarinya a gidan ubanta a Arlit? Kai da kake karantawa ka fi shi lokaci, kai zan ba labarin.

Babana kafinta ne, mutumin Tawa. Ya zo Arlit yana saurayi, a zamanin da kowa ke tururuwa can neman aikin haƙar uraniyom, amma shi ko sau ɗaya bai taɓa neman aikin kamfani ba. Ya ce shi katako ya sani, kuma mutanen da ke shiga rami dole su buƙaci ƙofa da gado in sun fito. A garin da babu itacen da za a yi ko kujerar tsuguno da shi, nan ya kafa sana'arsa, yana jiran manyan motoci su kawo katako daga kudu. A can ya auri Inna, Ba'abziniya 'yar masu lambu daga cikin duwatsu, wadda ba ta da yawan magana amma ba a sauya mata ra'ayi.

Shagon Baba manne yake da gidanmu, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Inna. A tsakiyar shagon akwai injin fere katako, wani ƙaton abu kore da Baba ya saya a gwanjo tun ba a haife ni ba. In aka sa masa katako mai kaushi ta gaba, sai wasu ƙarafa biyu masu kama da gajerun taɓare su kama shi su ja shi ciki, wuƙaƙe su bi ta kansa, ya fito ta baya sumul. Wuƙaƙen ba a ganinsu, gudunsu ya fi ƙarfin ido. Abin da ke juya taɓaren kuwa wasu fayafayan ƙarfe ne biyu masu haƙora, babba da ƙarami, a ɓoye bayan wani murfi a gefen injin. Masu sana'a suna ce musu pinyo. Muddin haƙoransu na shiga juna daidai, injin ne ke jan katako, hannun mutum ba ya zuwa kusa da wuƙa.

Ni tsoron injin nan nake tun ina rarrafe, kuma ina da dalili. A bakin kasuwa akwai wani tsoho mai goro da Baba ke aike na wurinsa. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, da su yake tsinto goro cikin algarara. Kowa ya san dā kafinta ne. Shi dai ba ruwansa, yana ta barkwanci yana ce min matarsa, ni kuwa ba na iya ɗaga ido daga hannun. In na dawo na miƙa wa Baba goron, sai in saci kallon nasa hannun. Wutar garinmu daga Anu Araran take zuwa, inda ake ƙona gawayin ƙasa, kuma duk ranar da wutar ta ɗauke unguwa ta ɗauki ƙorafi, ni kaɗai ce ke murna a ɓoye. Na sha roƙon Allah a bayan ɗaki ya sa ta daɗe ba ta dawo ba.

Baba yana son injin nan, har Inna kan ce da inji na cin tuwo da shi za a fara zuba wa. Kowace Juma'a da safe sai ya buɗe murfin nan ya lafta wa haƙoran gires da yatsa, ya lafta, ya ƙara, yana murmushi. A ganinsa gata yake yi masa. Murfin kuwa ya ɗan fashe ta kusurwa, ga shi iskar Arlit ba ta zuwa hannu sake, kullum da yashi take tafe, ko cikin shinkafa sai ka tauna shi.

A wata bazara ne muryar injin ta sauya. Dā gurnani yake yi guda ɗaya, dogo, wanda har ka manta da shi. Sai ya fara sako wani ƙas a tsakiya, jefi-jefi. Inna ce ta fara ji. Tana tankaɗe sai ka ga hannunta ya tsaya, ta karkata kai wajen bango, in gurnanin ya ci gaba sai ta ci gaba. Da ta yi wa Baba magana ya ce ba komai, tsufa ne, ai ita ma gwiwarta na ƙara. Abin da bai gaya mata ba shi ne duk sanda aka ji ƙas ɗin nan haƙora ne suka zame, katako ya tsaya cik a cikin inji, shi kuma ya sa tafin hannu ya tura.

Ni na gani da idona, ranar da na kai masa abincin rana. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, yana sa wani faffaɗan katakon ƙofa. Ya shiga rabi sai ya tsaya. Baba ya duƙa ya danna shi da hannu, tsakanin yatsunsa da bakin injin bai fi taƙi ɗaya ba. Na ji ƙas, na sake jin ƙas, sai kuma wata ƙara da har yau ban san yadda zan kwatanta maka ita ba. Wuƙaƙen suka cafki katakon suka wurgo shi baya. Ya gogi haƙarƙarin Baba, ya wuce ya daki ƙyauren kwano a gefena har ya lotsa shi. Hannun Baba ya zame ya bugi bakin injin.

Ban yi kuka ba, ban iya ba. Ina kallonsa ya ɗago hannun a hankali, ya buɗe shi a gaban fuskarsa, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan. Hannun rigarsa ne ya yage, fatar bayan hannu ta ɗan saɓule. Sai a lokacin na ji zafi a ƙafata, ashe miya ce ta zube min.

Inna ta shigo ba takalmi ba mayafi, ita da ba ta taɓa taka shagon da rana ba. Ta dube ni, ta dubi ƙyauren, ta dubi hannun Baba. Ba ta san komai game da wuta ba, amma ta sha ganin yana zare wani ɗan fis na tangaran a jikin bango in zai tashi aiki. Ta miƙa hannu ta zare shi, injin ya yi ta rage gudu har ya mutu. Ta ƙulle fis ɗin a haɓar zanenta.

"Malam, sai an gyara," ta ce.

Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce akwai ƙofofin mutane, ya ce ba a taɓa jin inda mace ta kama wutar mijinta ba. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Da ya ga ba ci, sai ya cire ƙaramin pinyon ya kai wa mai walda, aka ɗaɗɗora wa haƙoran ƙarfe aka goge. Ya dawo yana taƙama, Inna ta kwance masa fis. Ba a yi mako ba ɗaya daga cikin haƙoran waldar ya ɓalle ya daki murfin daga ciki, ƙarar ta kai har tsakar gida. Wannan karon shi da kansa ya shigo ya ajiye mata fis ɗin a kan tabarma, ya ce a aika a kira Kawu.

Kawu yayan Inna ne. Ya yi shekaru yana makanikanci a uzin, wato masana'antar da ake niƙa duwatsun da aka haƙo har a fitar da garin uraniyom mai launin rawaya, sai ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Dogo ne siriri, kullum fuskarsa a naɗe cikin baƙin rawani irin na mutanen Abzin, idanu kawai ake gani. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinsa, har Inna. Tsakaninsa da Baba tsokana ce, mai itace yake kiransa, shi ya sa Baba ya yi ta jan ƙafa kafin ya neme shi. Ya san sai ya sha ba'a.

Kawu ya zo da hantsi da 'yar butar shayinsa. Bai ko kalli injin ba sai da ya sha shayi ya huce. Sannan ya sa aka kwance murfin, ya fitar da fayafayan biyu, ya wanke su da gazuwal a cikin tsohon kwanon wanki na Inna. Da baƙin gires ya fita sai haƙoran suka bayyana. Na babban sun ɗan karkace, na ƙaramin kuwa sun cinye sun yi tsini kamar ƙayar kifi. Kawu ya lakato tsohon gires ɗin ya murza tsakanin yatsu, ya kama hannun Baba ya shafa masa a tafi ya ce ya murza. Yashi ne a ciki fal, da garin katako. Ya ce a garin da iska ke ɗauke da ƙasa, gires mai yawa tarko ne, yana kama yashi ya riƙe, haƙora su yi ta niƙa shi, shi ma yana niƙa su.

"Mai itace, kai ka cinye injinka da so," ya ce. Baba ya yi dariyar yaƙe.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya ce Inna ta kawo bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya, ya kwaɓa da ɗigon mai, ya shafa a haƙoran ƙaramin, ya mayar da su duka, ya juya da hannu. Da ya duba, shuɗin bai taɓa cikin haƙoran babban ba, a kan tsininsu kawai ya tsaya. Ya kama sandar ƙarfen da ƙaramin ke hawa ya girgiza, sai ga ta tana wasa. Ashe zoben tagullar da ke riƙe ta ya cinye, sandar ta ja baya, haƙora suna gaisawa da bakin yatsa maimakon su rungumi juna. Ya ce zobe ba wuya, za a sassaƙo shi daga tsohon kan famfo, babban pinyo kuma zai gyaru da magagari. Ƙaramin ne ya mutu, sai an samo wani.

Nan aka shiga nema. Baba ya je Agadas ya dawo hannu rabbana. Wani direba mai zuwa Tamanrasat ya ce zai duba, amma bai san watan da zai dawo ba. Baba ya koma fere katako da hannu, daga asuba zuwa magariba yana yin abin da injin ke yi kafin shayi ya tafasa. Masu ƙofofi suka fara zuwa suna kwashe katakonsu suna ba da haƙuri. Miyarmu ta rabu da nama, daga baya ta rabu da mai. Ni kuwa, kar in ɓoye maka, barcina ya fi daɗi a kwanakin nan, don shagon shiru yake.

Wata rana da azahar Baba ya shigo da sauri, yana rungume da wani abu a cikin takardar siminti, fuskarsa a washe. Daga wurin 'yan feray yake, masu sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan kasuwa. In ba ka san Arlit ta wancan lokaci ba, to rabin garin daga nan aka gina shi. Ƙyauren gida, murhu, tukunya, ludayi, ƙafar gado, duk daga ƙarafan da suka gama aiki a wajen haƙa ake ƙera su. Yadda suke fitowa ban sani ba, kuma ba wanda ke tambaya.

Kawu na zaune a inuwar zaure. Ya karɓa ya buɗe, ya ɗora shi a kan tsohon, ya bi haƙoran da yatsa. Daidai suke, kamar uwa ɗaya ta haife su. Har ya fara gyaɗa kai, sai ya juya shi. A cikin ramin tsakiya da gindin haƙoran akwai wani abu da ya daskare, rawaya-rawaya, kamar busasshen kunu. Kawu ya ajiye ƙarfen a ƙasa a hankali. Ya cusa hannunsa cikin yashi ya yi ta murzawa. Sannan ya dube ni.

"Kai, yarinya, matsa can," ya ce. Ya juya wajen Baba. "Wannan ƙarfe, na san gidan shi."

Ya ce daga ƙarshen uzin ya fito, sashen da ba a shiga sai da takunkumi, inda kayan da ka sa a can kake barinsu. Ya ce shi ba zai iya cewa ga yawan gubar uraniyom da ke jikinsa ba, don abin ba ya wari, ba ya zafi, ido ba ya ganinsa. Wataƙila ba komai, wataƙila da komai. In yana zaune a rufe, da sauƙi. Abin da yake tsoro shi ne ƙurarsa ta shiga ƙirji, ga shi kuma dole a kankare shi, dole a goge ramin da magagari kafin ya hau sandar.

Ni dai wuƙa na sani. Na san inda take, na san ƙararta, na san abin da take yi wa hannu. Yanzu ga wani abu an ajiye a tsakar zaurenmu, ƙaramin ƙarfe da bai fi faifan rufe kwano ba, mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba yana goge hannu saboda shi. Na tuna Baba a ƙirjinsa ya rungumo shi tun daga kasuwa.

Da Baba ya buɗe baki, Adarancinsa ne ya fito, wanda ba ya fitowa sai ransa ya ɓaci. "To mi za ni yi, Yaya? In ba wanga ba, sai in maida tsohon in tura da hannu. Ɗiya na cin abinci."

Su biyun suka juya suka dubi Inna, wadda ke tsaye a ƙofar tsakar gida, don fis ɗin yana haɓar zanenta. Ita ta ce sai an gyara, ga gyaran ya zo. Na ga tana kallon ƙarfen, tana kallon yayanta, sannan idonta ya tsaya a kan hannun Baba, inda fatar da ta saɓule ba ta gama warkewa ba. Ta daɗe ƙwarai. Kawu ya yi tari, ta jira har ya lafa.

"A sa shi," ta ce, ta koma ciki.

Washegari da safe Baba ya ɗauko magagari da burushin waya zai fara. Kawu, da ya kwana a gidanmu, ya miƙa hannu ya riƙe magagarin. Baba ya ƙi saki. Suka tsaya haka, manya biyu suna jan ƙarfe ɗaya, har Baba ya ce injinsa ne, ɗiyansa ne, ba zai ɗora wa wani ba.

"Kawo, mai itace," in ji Kawu. "Naka ƙirji sabo ne. Nawa an riga an ci shi."

Inna ta ce "Yaya" kawai. Ya ce mata ta yi shiru ta kawo masa ruwa cikin tsohon kwanon nan na wanki. Babba ya yi magana, Baba ya saki.

Gidanmu a ƙarshen unguwa yake, bayansa fili ne har inda ido ya tsaya. Can Kawu ya tafi. Ya ɗebi yashi ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zauna yadda za ta kwashe komai ta yi hamada da shi. Ya jiƙa rawaninsa sharkaf ya ƙara naɗe hanci da baki. Ya ja wa Baba layi da ƙafa, nesa, ya ce kar ya tsallake. Sannan ya tsoma ƙarfen cikin ruwa ya fara kankara a ƙarƙashin ruwan, don kar ƙura ta tashi.

Ina leƙe ta kafar ƙyaure Inna ta fizgo ni ciki ta rufe ƙofa. Ta zaunar da ni kusa da ita ta ɗauki carbi. Daga nan sai dai ji. Magagari ya yi ta kai da komo, ya tsaya, tari ya biyo baya, a yi shiru, magagari ya sake tashi. Shirun nan ne ya fi kashe ni. Duk sanda ya yi tsawo sai in ga yatsun Inna sun tsaya a kan carbin. Rana ta take, zafi ya cika ɗakin, ba wadda ta tashi ta ɗora tukunya. Na ji tsoro ranar fiye da ranar katako, don ranar katako abin ya zo ya wuce, wannan kuwa ban san ko ya fara ba, balle in san ranar da zai ƙare.

Sai bayan la'asar ƙarar ta tsaya gaba ɗaya. Baba ya ba mu labari daga baya cewa Kawu ya haƙa rami mai zurfi ya juye ruwan, ya jefa kwanon da burushin da magagarin, ya tuɓe rigarsa ya jefa, ya kwance rawanin ya jefa, ya binne. Ya yi wanka da sabulu a can filin, sannan ya taho.

Haka ya shigo gidan, kai a buɗe, fuska a buɗe. In ka san mutanen Abzin ka san abin da nake nufi. Dattijo ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane, ko shayi zai sha ta ƙarƙashin rawani yake kai kofin. Tun da nake ban taɓa ganin fuskar Kawu ba sai ranar. Kumatunsa sun faɗa ciki, leɓunansa sun bushe sun yi fari, ashe ba haƙora da yawa a bakinsa. Ashe tsoho ne ƙwarai, kuma mara lafiya ƙwarai, rawanin ne ke rufa masa asiri. Inna ta kau da kai da sauri, ta zare baƙin mayafinta ta miƙa masa ta baya ba ta duba ba. Ya naɗa, ya koma Kawun da na sani.

A ranar aka haɗa injin. Sabon zoben tagulla ya shiga, sandar ta daina wasa, pinyon ya hau daram. Kawu ya yago siririyar takarda ya sa tsakanin haƙoran ya juya da hannu. Ya ce in ta tsinke sun matse da yawa, in ta fito lafiya lau sun yi nisa. Ta fito a lanƙwashe, ba ta tsinke ba. Ya toshe fashewar murfin da robar tsohuwar taya, ya ɗaure tam, ya ce ba sauran gires, ɗigon mai kaɗan ya isa, kuma in an buɗe a rufe da wuri a wanke hannu. Inna ta kwance fis ɗin ta ba shi, shi ya mayar da shi bango.

Injin ya tashi da gurnaninsa guda ɗaya. Baba ya sa katako, taɓaren suka kama shi suka ja, ya shige ya fito sumul, Baba na tsaye ya harɗe hannuwa a baya. Ba wanda ya yi guɗa. Kawu ya ƙi cin abinci a kwano ɗaya da Baba ranar, da na je yi masa sai da safe kuma ya ce in tsaya daga nan.

Daga nan na daina tsoron ƙarar injin, na koma tsoron koren murfin nan. In an sa ni sharar shago sai in zagaye shi. Inna ta janye gadonta daga jikin bangon, ba ta faɗi dalili ba. Bayan 'yan shekaru Kawu ya rasu da tarinsa. Ya zo da shi tun kafin ranar, kowa ya sani, don haka ba mai iya cewa wunin nan ya ƙara masa ko bai ƙara ba. Baba ne ya shiga kabarinsa ya karɓe shi.

Arlit ta sauya yanzu. Wasu ramukan an rufe su, gidaje da yawa ba kowa, kafintocin yau kuma ƙananan injuna suke saye waɗanda in sun lalace ake jefarwa. An yi wani lokaci da wasu mutane suka riƙa yawo a unguwanni da na'urar da ke ƙara in ta ji abin, suna auna ƙyaure da tukwane. Da suka zo layinmu Baba ya kulle shago ya tafi masallaci. Ya ci gaba da aiki da injinsa har ƙarfinsa ya ƙare, duk Juma'a yana buɗe murfin ya ɗiga mai ya rufe. Da shi ya ciyar da mu ya aurar da mu, kuma ya tsufa da yatsunsa cif.

Bara ya fara tari. Da ya ƙi jin magani na sa aka kawo min shi nan Agadas na kai shi asibiti. Likitan ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa aiki a wajen haƙar uraniyom. Baba ya ce ko wuni ɗaya, shi kafinta ne. Likitan ya ce to, ƙurar katako ma takan yi haka, ya rubuta magani. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dafa min gwiwa.

Da muka fito ya ce mu ɗan zauna a inuwa ya huta. Muka zauna a kan wani benci, yana numfashi da ƙyar, yana shafa katakon bencin da hannu yadda ya saba yi wa kowane katako. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ɗiyata, kak ki hwaɗa ma innarki tambayar da likita ya yi. Ita ta ce a sa shi."

Na ce to. Da na mayar da shi gida, Inna ta tambaye ni kuɗin mota da lafiyar yara da yadda zafi yake a Agadas. Ba ta tambaye ni abin da likita ya ce ba, ni ma ban gaya mata ba.